Kafin a kawo mana istakoza Kadawa, a fara tambayar manoman Masar

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni dai ba marubuci bane, mai kiwon tarwaɗa ne a gefen Kura, ina ɗan taɓa noman shinkafa da rani, amma wani abu ya tsaya min a rai kwana biyun nan shi yasa nace bari in rubuto muku ko Allah zai sa ya isa kunnen waɗanda ya kamata. A wani guruf ɗinmu na WhatsApp na masu kiwon kifi wani bawan Allah ya turo bidiyon 'yan Chana suna ta kwasar wata jar halitta daga gonar shinkafa, kwando-kwando, a ƙasan bidiyon ya rubuta wai ga sabuwar harka, bata mutuwa, bata da tsadar abinci, 'yan watanni ka fara kwasar kuɗi, kuma wai yana kan neman hanyar da zai shigo da iri. Nan take mutane suka fara, nawa ne, a saka sunana, ni ma ina so. Ni kuwa ina ganin hoton gabana ya faɗi, saboda wannan halittar na santa ido da ido, a Masar na santa lokacin ina karatu.

Da farko dai a raba ta da kirefish ɗin da matanmu ke sawa a miya. Wancan da ake aunawa a kasuwa 'yan ƙananan jatan lande ne busassu da ake kawowa daga bakin teku wajen su Oron, babu ruwansa da wannan maganar. Wannan da nake faɗa jan abu ne, girmansa kamar tsawon tafin hannu, yana da hannaye biyu masu cizo irin na ƙaguwa, in ka ganshi a tsaye ya ɗaga su sai kace kunama ce ta ƙoshi. Masana suna ce masa Procambarus clarkii, asalinsa fadamun kudancin ƙasar Amurka ne wajen jihar Luwiziyana da arewa maso gabashin Meziko. Misirawa suna ce mata istakoza, ni ma sunan da na saba da shi kenan, to bari in ci gaba da kiranta haka. Kuma abin da mutane da yawa basu sani ba, duk faɗin nahiyar Afirka babu irin wannan halittar a asali, sai dai tsibirin Madagaska da ke da nasa nau'in. Wato kogunanmu da kifayenmu da tsirran ruwanmu basu taɓa zama da ita ba, basu san yadda zasu kare kansu daga gareta ba.

Akwai wani abokin karatuna ɗan wani ƙauye a yankin Delta, arewa da Alƙahira, da hutu yakan ce mu je gida. Kawunsa masunci ne, dattijo mai ɗan ƙaramin kwale-kwale, yakan shimfiɗa kalli da yamma ya dawo da asuba ya ja. Wata rana bayan sallar asuba na bi shi. Wallahi Malam Edita ban manta wannan safiyar ba. Yana jan ragar tana zuwa da nauyi, ni har na fara murna nace yau an dace, ashe rabin nauyin istakoza ce ta maƙale a jikin zaren, karfasar da ta shiga ragar da dare kuwa an cinye mata ciki an ƙwaƙule idanu, wata ma kai da ƙaya kawai suka rage. Kifin da aka ɓalgace waye zai saya a kasuwa? Dattijon ya zauna yana ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, in ya ja da ƙarfi raga ta yage, in ya bi a hankali ta cije shi a yatsa, yana yi yana tsine mata, kyankyason ruwa yake ce mata. Ya tara su a bakin gaɓa ya sa dutse ya farfasa. Nace masa Baba ai ana ci, ya kalle ni kamar na zage shi.

Amma abin da ya fi ɗaga min hankali a yanzu da nake noman shinkafa da kaina shine abin da na gani a gonar baban abokin nawa. Ya kai ni bakin ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonar, ya nuna min gaɓar ƙasar, duk ramuka ne kamar gidan gara, wasu da ɗan tulin laka a bakinsu kamar an ɗora murhu. Ya taka wani waje da ƙafa sai ƙasar ta rufta. Yace ka cika fangali da ruwa da daddare, kafin gari ya waye ya tsiyaye ta ramukan ya tafi gonar maƙwabci ko ya koma magudana, ka sake tada injin ka sake sayen mai. A lokacin na ji shi kawai, tausayi na fatar baki. Sai yanzu da na san zafin sayen fetur na ban ruwa, na san yadda ake faɗa kan layin ruwa a Kadawa, na gane abin da mutumin nan yake faɗa min.

To ya akai ta shiga kogin Nilu na Masar? A farkon shekarun 1980 ne aka kawo ta wata gonar kifi kusa da Giza da niyyar kiwo, irin niyyar da ɗan guruf ɗinmu yake da ita yanzu, harkar bata karɓu ba, ta samu hanya ta faɗa kogi, shikenan. Ta bi magudanan Delta kaf ta kuma haura kudu. Shekara arba'in kenan da ɗoriya, babu wanda ke maganar fitar da ita kuma, maganar da ake yi yanzu ta yadda za a zauna da ita ce.

Dalilin da yasa bata fita in ta shiga, halittarta ce haka. Duk abin da mai tallan nan ya lissafa a matsayin alherinta, shine sharrinta. Bata zaɓen abinci, ganye ne, ƙwan kifi ne, 'ya'yan kwaɗi ne, katantanwa ce, shinkafar da ta fara tsiro ce, har 'yan uwanta tana ci. Mace ɗaya tana ɗaukar ɗaruruwan ƙwai a ƙarƙashin wutsiyarta tana yawo da su har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma cikin 'yan watanni sun isa haihuwa, a waje mai ɗumi irin namu babu sanyin da zai taka mata burki. In ruwa ya ƙafe bata damu ba, sai ta haƙa rami mai zurfi, wani ya fi mita, ta shige ta toshe bakin da laka ta jira damina. In wajen bai yi mata ba kuma, da dare in ƙasa na da laima sai ta fito ta taka da ƙafarta ta nemi wani ruwan. Yanzu don Allah wane ramin kifi ne a cikin namu zai riƙe abin da ke tafiya a ƙasa yana kuma haƙa rami? Tarwaɗa ma da bata da ƙafa mun sha tsintarta a bayan katanga in an yi ruwa mai ƙarfi.

Kuma in ka bi tarihinta, kusan ko'ina da hannu aka kai ta, da kyakkyawar niyya. Japan a 1927 aka kai ta don ta zama abincin wasu manyan kwaɗi da ake kiwo, 'yan kaɗan ne ma suka isa da rai, yau ta cika gonakin shinkafar ƙasar, har a 2023 gwamnatinsu ta kafa dokar hana sayar da ita da rai da sakinta a ruwa. Daga Japan ta tsallaka Chana wajen Nanjin. Sifen aka kai ta a 1973 da 1974, aka zuba a fadamun shinkafa na kusa da Sibiliya don talakawan wajen su samu abin yi, daga nan ta bazu Fotugal da Faransa da Italiya, ta kuma tafi da wata cuta a jikinta wadda ita bata yi mata komai amma tana kashe nau'in da Turai ke da shi tun asali. Kenya aka zuba ta tafkin Naibasha a 1970, ta cinye bado da sauran tsirran ƙarƙashin ruwa inda kifi ke fakewa yana ƙwai, masuntan wajen suka shiga irin kukan da na ji a bakin dattijon nan na Delta. A Zambiya kuma wata 'yar uwarta ce daga Ostireliya ta kuɓuce daga wajen kiwo ta shiga kogin Kafuwe da tafkin Kariba, labarin raga da ɓalgataccen kifi dai shine.

Akwai ma wadda ta fi ban tsoro, mai zane-zane a jiki, wadda aka fara gani a hannun masu ajiye kifin ado a Jamus wajen 1995. Ita wannan babu namiji a cikinsu sam, duk mata ne, kowacce tana haihuwa ita kaɗai ba tare da barbara ba. Guda ɗaya tak ta isa ta cika dam. An kai ta Madagaska, cikin shekaru kaɗan ta mamaye gonakin shinkafa da koguna. Shi yasa masu sayar da kifin ado na cikin gilas a Legas da Abuja da Kano ma ya kamata su ji wannan maganar, don yaro in ya gaji da abin wasansa kwata yake zubarwa.

To waɗanda ta shigar musu, me suka yi? Sun gwada komai fa, kuma masu kuɗi ne da masana. Hanyar farko tarko, irin gurar da masuntanmu ke sakawa. Matsalar tarko manyan maza yake kamawa saboda su ne masu ƙarfin hali da yawo, mata masu ƙwai suna cikin rami, ƙanana kuma suna zurarewa. Manyan nan kuwa su ne ke cinye ƙananan, to ka ga in ka kwashe su ka yi wa ƙananan gata, ka bar musu fili da abinci, kana dainawa sai su dawo fiye da da. An gwada zuba kifaye masu cinta, a Italiya an gwada wani dogon kifi mai kama da maciji, yana ragewa amma baya ƙararwa. An gwada kama maza a haska su da na'ura su daina haihuwa a mayar da su ruwa, aiki ne mai cin kuɗi wanda sai a ɗan ƙaramin tafki. An gwada ƙafar da tafki gaba ɗaya, ta shige rami ta jira. Abin da ya taɓa yin aiki sosai shine zuba maganin ƙwari mai ƙarfi a ƙananan kududdufai rufaffu, an yi haka a Sikotilan da Nowe kan wata 'yar uwarta, amma wannan ai ƙone ɗaki ne don a kashe ɓera, komai na cikin ruwan mutuwa yake, kuma ba abin da za a yi a kogin da mutane da shanu ke sha bane. Daga ƙarshe Tarayyar Turai a 2016 ta saka ta cikin jerin halittun da aka haramta shigowa da su da kiwonsu da sayar da su da rai. A Sifen kuwa abin rikici ya zama, kotun ƙoli a shekarar ta hana cinikinta, mutanen garin Isla Mayor na kusa da Sibiliya da suka riga suka dogara da ita suka fito zanga-zanga, sai da aka nemo musu mafita a doka. Ka ga wani tarkon kenan, in mutane suka fara cin abinci da ita ko gwamnati bata isa ta ce a kashe ta ba, wasu ma da hannunsu zasu riƙa ɗauka suna zubawa a sabon ruwa don kasuwa ta faɗaɗa.

Zan yi adalci, kar a ce na ɓoye. Akwai kuɗi a cikinta. Chana na samar da sama da tan miliyan 2 duk shekara, garin Ƙiyanjiyang a lardin Hubei da ita aka san shi, a Luwiziyana kuma noma ne babba, a girbe shinkafa a saki ruwa a girbe ta. Ko a Masar yanzu akwai masana'antu da ke saya daga hannun masunta su gyara su tura waje, wanda ke farfasa ta da dutse jiya yau yana aunawa a sikeli. Sannan tana cin katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya, an yi bincike a Kenya an ga cutar ta ragu a jikin 'yan makaranta a wani wajen da aka zuba ta, mu kuwa mun san yadda tsargiya ke damun yaranmu na bakin kanal, fitsarin jini har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Ta fuskar addini ma ni ban ga matsala ba, a mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa halal ne, malamai zasu fi ni bayani. Amma a duba da kyau. Su 'yan Chana suna da mutane miliyoyi da ke zama da daddare suna cinta da yaji, suna da motocin sanyi da wutar da bata ɗaukewa. Mu waye zai ci? A kai wa Hajiya a Kurmi ko 'Yankura abu mai kama da kunama a ce ta sa a miya? Shi Bamisiren da ke sayarwa yanzu ba zaɓa yayi ba, abu ne ya same shi yana rage asara. Maganin tsargiya kuma akwai shi, ƙwayar firazikwantel ce da ake rabawa a makarantu, da ruwa mai tsafta, ba sai mun rushe kanal ba.

Abin da nake so mai son shigo da ita ya zauna ya yi tunani a kai shine ruwanmu a haɗe yake. Ruwan da ke zuwa gonata daga Tiga yake, ya bi kanal ya shayar da Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, abin da ya rage ya koma kogin Kano, ya haɗu da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe ta bakin iyakar Nijar wajen Diffa ya faɗa tafkin Chadi. Wato bokiti ɗaya da wani zai zuba a raminsa a Kura, masuncin Baga da na Nijar da Chadi da Kamaru duk sai sun ɗanɗana, kuma babu wanda ya shawarce su. Ƙananan kanal ɗinmu na cikin gona da kunyoyin fangali duk ƙasa ce zalla, ko ɓera da gafiya ma suna bamu wahala balle abin da ke haƙa rami dubu a dare. Kuma kar wani yace nasa ramin na siminti ne da katanga. Ambaliyar 2022 mun ga abin da ta yi a Jigawa, masu kiwon kifi nawa ne suka wayi gari kifinsu ya bi ruwa? A watan Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, har dabbobin gidan zu na Maiduguri ruwa ya fitar, kada da macizai, to ina ga istakoza a tankin tamfol.

Mutanen Haɗeja da Nguru basa buƙatar a yi musu dogon bayani, ciyawar kachala ta koya musu. Ita ba daga waje ma aka kawo ta ba, canjin tafiyar ruwa ne bayan gina Tiga da Challawa ya bata dama, amma dubi yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki ta zama gidan tsuntsayen jan baki, shekara nawa ana yanka ana kawo injina tana dawowa. Kuma abin dariya abin tausayi, giwan ruwan nan namu da muke alfahari da shi a Argungu, shi aka ɗauka aka zuba a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ya cinye ɗaruruwan nau'in ƙananan kifayen wajen. A gidansa sarki ne, a gidan wasu annoba.

Roƙona ga hukumar NAQS mai kula da shigo da dabbobi da tsirrai da halittun ruwa, don Allah a sa ido sosai a filayen jirgi da kan iyaka, abu ne da ake iya sakawa a kwalin kumfa da ɗan jiƙaƙƙen tsumma ya kwana biyu da rai, kuma a fito fili a ce an hana shigo da ita da rai, kowane nau'i, na ci da na ado. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da jami'o'inmu su buga hotonta a takarda da bayani da Hausa da Kanuri da Fulfulde a raba wa sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu ban ruwa, a faɗa a rediyo, saboda masunci ne zai fara ganinta kafin kowane farfesa, kuma ɗan lokacin nan na farko kafin ta bazu shine kaɗai lokacin da ake iya cin ƙarfinta. Wanda ya ganta a gura ko a raga kar ya mayar ruwa, kar ya kai wa yara su yi wasa, ya kashe ta ya ɗau hoto ya kai wa malamin gona.

'Yan uwana masu kiwo kuma na san halin da muke ciki, buhun abincin kifi ya yi tsadar da mutum in ya ji an ce ga abin da zai ci ganye ya yi ƙiba dole ransa ya biya. Ni ma na rage ramukana daga 6 zuwa 4. Amma mai son jarraba sabon abu ga karfasa nan tamu ta gida, ga masu haɗa ta da shinkafa a fangali ɗaya suna samu, in ta gudu ma gida ta koma.

Shi wanda ya turo bidiyon na kira shi a waya mun yi kusan awa ɗaya, na bashi labarin dattijon nan da ragarsa, yace min to ai shi a bayan gidansa zai yi a cikin tanki. Na tambaye shi kwatar gidan nasa ina take zuba, yayi shiru, can yace kanal.

Naku,
Wani mai kiwon kifi, daga Kura, jihar Kano.